Zare Mai Sili Shida

Lubabatu ta jira sai da shagon ya yi sauƙin mutane, sannan ta zaro ƙyallen daga cikin abayarta ta shimfiɗa a kan teburin shagon, tana kare shi da hannu kamar kayan sata.

"Zaren ya ƙare," ta ce da yarinyar shagon da Larabcinta na kasuwa. "Kun yi mini ƙwauro. Ko rabin furen ban kai ba."

Yarinyar, Ruba sunanta, ta ɗaga ƙyallen ta juya shi. Irin ɗinkin nan ne da ake sayarwa a kwali: ƙyalle mai ƙananan ramuka da aka riga aka buga masa zanen fure, da allura, da zare daidai aikin, da takardar bayani. Mai ɗinki sai dai ta bi ramukan tana gicciya zare.

"Ya khala," in ji Ruba, wato inna da Larabci, "ba ki raba zaren ba?"

"Raba shi kamar yaya?"

Ruba ta kama guntun da ya rage, ta murza bakinsa, sai ga shi ya buɗe sili shida. "Biyu-biyu ake ɗauka. Ke kin haɗa shidan gaba ɗaya. Ai yana cikin takardar."

Lubabatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara arba'in tana ɗinkin hula a unguwar Karantina, nan ƙasar Larabawa, alhazai na bin layi a ƙofarta, kuma ba ta taɓa jin an tsaga zare ba. Zaren hula yadda ya zo haka ake ɗinka shi, ya cika ya yi kauri. Takardar kuwa da Turanci take, rubutun ƙanana kamar ƙwan tururuwa, kuma wa za ta nuna wa? Duk Karantina an san bakinta a kan irin wannan kwalin. Ita ce ta sa masa suna ɗinkin ragwaye, ita ce ta taɓa sa maƙwabciyarta Sajida kuka da ta ce ko akuya aka ba wa allura za ta iya.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne idonta. Tun da aka rushe unguwar suka dawo unguwar Bani Malik, gidan ɗanta, zanen ɗinki ya fara guje wa idonta. Ga shi duk amaryar da aka yi a zuriyarsu sai ta tafi da rigar matashi ta hannun Lubabatu, zanenta da ɗinkinta, mata su ɗaga su yaba ranar jere. Yanzu layi ya zo kan jikarta Najwa, saura kwana tara, shi ya sa ta sayi kwalin a ɓoye.

"To ba ni zaren kawai," ta ce a hankali.

"Ba ya zuwa shi kaɗai, khala. Ba shi da lambar launi ma. Sai dai ki ɗauki wani kwalin." Ruba ta shafa ramukan da zaren mai kauri ya buɗe. "Wannan kuma ko an warware ba zai koma ba."

Ta ɗauki wani kwalin. A bakin ƙofa ta juya ledar ciki waje don kada a ga sunan shagon, ta tura ta cikin abaya, ta bi inuwar gine-gine har gida kanta a ƙasa, tana roƙon Allah kada ta haɗu da idon sani.

Da la'asar ta kulle kanta a ɗaki. Ta murza zaren yadda Ruba ta yi, amma silin suka haɗe mata suka zama abu ɗaya. Ta kai shi taga, ta matso da shi, ta nisanta shi. Tana cikin haka ƙofar ta buɗe, ashe sakatar ba ta shiga ba. Najwa ce, da kofin shayi. Lubabatu ta yi wuf ta zauna a kan kwalin.

"Sitti, halas, ya isa haka," Najwa ta ce da kakarta, da Hausarta mai karyewa. "Ni na gani shi tun ranar da kin ɓoye bayan buhun shinkafa."

"Na Sajida ne. Ajiya ta ba ni."

Najwa ta ajiye shayin. Ta ɗauko ƙaramin matashin da kakarta ke soke allurai, ta nuna su: guda biyar, kowace da zarenta a kafa.

"Kowace safiya kina samu su haka. Tun bara. Kina tsammani wa yana sa?"

Lubabatu ta dubi alluran. Ta sani, ai ta daɗe da sani. Ta dai zaɓi ta riƙa cewa ita ce ta zura su jiya ta manta. Kunya ta hana ta ɗaga kai, kunyar yarinyar da ta shekara tana rufa mata asiri ba tare da ta ce uffan ba.

Ta ɗan muskuta, ta zaro kwalin daga ƙarƙashinta, duk ya lotse. Ta buɗe shi a fili a kan tabarma.

"Ranar jere in Sajida ta zo, ki zaunar da ita kusa da ni," ta ce. "Ni zan gaya mata da bakina."

Sannan ta miƙa wa Najwa allura da zaren.

"Zura mini. Sili biyu."