Ƙullin da Timiro Ta Kwance

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Wannan ba ta Gizo ba ce, a benenmu na Minneapolis ta faru, ƙofa da ƙofa da ni.

Maƙwabciyata Timiro 'ya ɗaya Allah ya ba ta, Idil. A nan aka haife ta, har ta wuce shekara ashirin tana karatun haɗa magunguna. Ubanta Gedi, direban babbar mota, ya yi wa wansa na Nairobi alkawarin zai ba ɗansa ita, don yaron ya samu hanyar shigowa ƙasar. Ba wanda ya tambaye ta.

Ku yaran yanzu ba ku san hedo ba. Mu Somaliyawa, uwar amarya ce ke cika ƙwarya ta saƙa da soyayyen nama cikin man shanu, ta rufe da dabino, ta naɗe da farin ƙyalle, ta ɗaure da igiya ƙulli kan ƙulli, ta ɓoye bakin igiyar. Dangin ango ne za su kwance, wanda ya kasa a sa shi rawa. Uwa dai ba ta kwance abin da ta ɗaure.

Ina zaune Timiro tana ɗauri, Idil ta durƙusa gabanta.

"Inna, ki ajiye igiyar nan ki dube ni. Ban taɓa ganinsa ba sai a waya."

Timiro ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ko a waya ban ga ubanki ba. Danne min nan."

Yarinyar ta sa yatsa ta danne, uwar ta ƙulle. Ana saura kaɗan biki, Idil ta fita makaranta da safe, ba ta dawo ba.

Gedi ya ɗora hedon bisa kabad, ya ce nan zai zauna a ɗaure har mai shi ta dawo ta yi abin da aka ce. Ƙanƙara ta zuba ta narke, ta sake zuba. Yaron Nairobi ya yi aurensa har da 'ya'ya, hedo na nan.

Kullum da la'asar Timiro na ɗakina, don tagata ce ke kallon tashar bas.

"Dahabo, wannan shayin naki ko ruwan wanke kofi?"

"To uwar iya shayi, me ke kawo ki kullum?"

Sai ta yi dariya, idonta na waje. Idil takan kira ni daga Ohio inda ta gudu, Timiro kuma ta sani. Ba ta taɓa cewa in ba ta lamba ba, don kada mijinta ya tambaya ta yi masa ƙarya. Sai dai ta ce, "Wai can Ohio ana sanyi kamar nan? Wasu ba sa son rufe wuya." In ta zuba shinkafa, da yake da ayaba muke cin ta, har yanzu uku take ajiyewa, alhali su biyu ne a gidan.

Wata rana ta shigo takalminta jiƙe sharkaf. A bas ta hango wata daga baya, tafiyarta sak ta Idil. Ta sauka inda ba tasharta ba, ta bi ta cikin ƙanƙara tana kira, yarinyar ta waiwayo, baƙuwa ce.

Ta ce, "Dahabo, na fara manta fuskarta. Bayanta kaɗai na riƙe. Taso ki zama shaida."

Muka shiga gidansu, Gedi na kallon labarai. Ta hau kujera ta sauko da hedo, ta zauna a tsakar ɗaki, ta lalubo bakin igiyar.

"Ke! Kin yi hauka? Uwa ke kwance hedo?"

"Dangin ango na yi ta jira, Baban Idil. Suna ina?"

Ya mayar da ido kan labaransa. Ita kuwa ta yi ta warwara har ta zo kan ƙullin da Idil ta danne mata. Nan ta daɗe. Naman ya riga ya lalace, muka zubar. Igiyar ta naɗe ta damƙa min.

Ni da ciwon gwiwata na hau motar Ohio. Idil ta buɗe ƙofa cikin farar rigar aiki, na miƙa mata igiyar. Ta ja igiyar tsakanin yatsunta daga wannan baki zuwa wancan, ba ƙulli ko ɗaya.

"Goggo, wa ya kwance?"

"Wa ya san bakinta in ba wadda ta ɓoye shi ba?"

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da igiyar. Sannan ta ce, "Inna ta rame?"

Da ƙaramar salla Idil ta zo, a ɗakina ta sauka, a nan uwarta ta same ta. Gedi bai shigo ba, bai kuma hana ba. Har ya rasu bai yi mata magana ba, ko da yake an sha ganinsa tsaye a bakin ƙofata. Idil tana Ohio da aikinta, ta auri wanda ta zaɓa. Timiro ta koma wurinta tana renon jika. Ni kuma ga ni, taga ta zama tawa ni kaɗai, ba mai zagin shayina.