Surukin Fasto Sumrall

Wendell Tackett shi ne shugaban sakandaren gwamnati ta garin Selby, a arewacin jihar Mississippi, kuma yana cikin dattawan cocin Baftis da ke bakin hanyar shiga gari. Matarsa Glenda 'yar faston cocin ce, Fasto Orval Sumrall. Gidan da suke ciki ma a gefen gonar tsohon aka gina shi. Tun Wendell yana ɗalibi a makarantar nan ake buɗe kowace safiya da addu'a ta lasifika, kuma duk Juma'ar da za a buga ƙwallon Amurka, wadda ake yi da hular kwano, a filin makaranta, sai an yi addu'a kafin alƙalin wasa ya busa usur. Bai taɓa jin wani ya ce uffan ba, sai da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Corinne Arceneaux ta zo aiki asibitin gari daga kudancin Louisiana, tare da 'yarta Odile.

Su 'yan Katolika ne. Wata safiya ɗalibin da aka ba makirfo ya roƙi Allah ya shiryi masu durƙusa wa gumaka da ke zaune a cikinsu, sai aji guda ya juya yana kallon Odile. Uwar ta zo ofis, Wendell ya ba ta haƙuri, ya ja wa yaron kunne, ya ɗauka magana ta mutu. Ashe ba ta mutu ba. Abin ya sake faruwa, matar ta nemi lauyoyi, kuma ana gab da shiga kakar ƙwallo kotu ta ba da umarni cewa kada a ƙara jin addu'a daga lasifikar makaranta, ko malami ne ya yi ta ko ɗalibi. Lauyan hukumar ilimi ya kira Wendell a waya ya fayyace masa.

"Makirfon nan a hannunka yake, Mista Tackett. In addu'a ta fita ta cikinsa, kai za ka tsaya gaban alƙali, ba fastonku ba."

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, iyali suka hallara a teburin Fasto kamar kullum. Glenda ta soya kaza, ga burodin masara da zafinsa, ga soyayyar kuɓewa da shayin ƙanƙara. Tsohon ya sa albarka, ya ja ta fiye da yadda ya saba, har abinci ya fara hucewa.

"Na yi tunani a kan maganar Juma'a," in ji shi, yana yagar cinyar kaza. "Laney ce za ta yi addu'ar."

Laney ita kaɗai Allah ya ba Wendell da Glenda, tana ajin ƙarshe a makarantar. Ta ɗago ta dubi kakanta, ta mayar da ido kan faranti.

Wendell ya ce, "Baba, umarnin ya haɗa har da ɗalibai."

"Yarinyar nan albashin gwamnati take ci? 'Yar ƙasa ce, bakinta nata ne. Ƙanena Virgil ya tafi yaƙi, a akwati aka dawo mana da shi an lulluɓe da tuta. Don me ya mutu? Don wata ta zo jiya jiya ta rufe wa gari guda baki?"

"Ita ma tana da nata 'yancin. Shi alƙali ya duba."

"Wa ya taɓa mata shi? Ta toshe kunnenta da auduga mana! Auduga ba ta taɓa yankewa a Mississippi ba."

Ƙanin Glenda ya kwashe da dariya har ya ƙware. Wendell ya buɗe baki zai amsa, Glenda ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Tsohon ya goge yatsunsa, ya sassauta murya.

"Wendell, da hannun nan na yi maka baftisma, da shi na ɗaura muku aure. Ban ce ka yi wani abu ba. Ka juya baya kawai ka duba ko fitilun fili suna ci, yarinya ta yi abin da za ta yi."

Abin da ya fi damun Wendell shi ne yana son addu'ar nan. Yana son yadda fili ke yin tsit, manoma su cire hula, 'yan wasa su durƙusa da ƙafa ɗaya riƙe da hulunan kwanonsu. Ranar da kotu ta yanke hukunci, sai da ya kulle ofis ya daɗe a zaune kamar an yi masa rasuwa.

Ran Laraba suna komawa gida daga makaranta, Laney ta ce ya tsaya a gefen hanya. Ya faka motar kusa da wata gonar waken soya.

"Baba, ba na so in yi."

"Addu'ar?"

"Ni da Odile kujera kusa da kujera muke busa sarewa a ƙungiyar makaɗan makaranta. Ka san inda take cin abincin rana yanzu? A ɗakin ajiye ganguna, ita kaɗai. In na hau can sama na karɓi makirfon nan, ba da Allah zan yi magana ba. Da ita zan yi, a gaban gari duka, kuma kowa zai gane."

"To ki gaya wa Kakanki."

Ta juyo ta dube shi. "Kai ka iya gaya masa?"

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta girgiza tasu.

"Ka hana ni, Baba. Ka ce kai ne ka hana. Kuma don Allah kar Mama ta ji na faɗi haka. Zuciyarta za ta karye."

Ya yi mata alkawari. Washegari da yamma Glenda ta tare shi a kicin tana wanke kwanuka, ko juyowa ba ta yi ba.

"In ka kunyata Baba a gaban mutane, a wane benci za mu zauna ran Lahadi?"

"In na ba da makirfon, aikina ya tafi, Glenda. Wataƙila ma abin ya wuce nan." Ya jingina da ƙofa. "Na ji ana neman shugaban makaranta a wani gari a Tennessee."

"Kabarin mahaifiyata yana bayan cocin nan. Ba inda za ni." Ta dire kofi da ƙarfi. "Yarinya tana son ta tsaya wa Ubangijinta, ubanta ne zai tare mata hanya. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba."

Ya tuna alkawarin da ya yi wa Laney, ya juya ya fita daga kicin.

Ran Juma'a tun rana ba ta faɗi ba fili ya cika, har da waɗanda rabonsu da kallon ƙwallo tun suna samari. Wasu sun zo da tutoci, wasu da kwalaye an rubuta cewa ba mai korar Allah daga Selby. Wendell ya hau ɗan ɗakin katakon da ke can saman kujerun 'yan kallo, ya ce wa mai sanarwa ya je ya nemi abin sha, ya ɗauki makirfon ya riƙe. Daga nan yana hango Corinne Arceneaux a layi na tsakiya, da rigar aikinta, ta zo ganin 'yarta tana busa. An bar mata fili dama da hagu kamar mai wata cuta.

Ya ji takun tsohon a kan matakala, a hankali saboda ciwon gwiwa. Laney tana biye da shi cikin kayan makaɗa.

"Ba ta makirfon," in ji Fasto, yana haki.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

Wendell bai kalli 'yarsa ba. "Ba zan yi ba. Ni na hana ta."

Ya kunna makirfon, ya ce jama'a su tashi a yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kashe. Fili ya miƙe. Shirun bai kai ko'ina ba wani ƙato daga ƙasa ya ɗaga murya ya fara Addu'ar Ubangiji. Na kusa da shi suka kama, ta bazu layi bayan layi, har magoya bayan baƙin ƙungiya a ɗaya gefen suka shiga. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafar Wendell ya riƙa rawa. Waɗanda ke kewaye da Corinne ba su rufe ido ba, juyowa suka yi suna faɗa mata kalmomin a fuska. Ta san addu'ar sarai, a cocinsu ma ita ake yi, amma ta zauna ta rungume jakarta tana kallon fili. Can Wendell ya ankara cewa shi ma leɓunansa suna motsi. Bai san lokacin da ya fara ba, kuma ya kasa dainawa har aka ce amin.

Laney kuka take yi. Kakanta ya jawo ta jikinsa yana bubbuga bayanta.

"Yi shiru, 'yar lele. Allah ya ga niyyarki." Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. "Ya kuma ga wanda ya hana."

Kafin a tafi hutun rabin lokaci labari ya zaga fili cewa yarinya ta hau za ta yi addu'a, ubanta ya fizge makirfo har ta yi kuka. Ran Lahadi mata suka yi ta rungumar Laney a ƙofar coci suna ce mata jaruma. Wani dattijo ya ja Wendell gefe ya ce an ga ya kamata ya ɗan huta da zagawa da farantin karɓar baikon kuɗi a coci, har ƙura ta lafa. Ya zauna a bencinsu na gaba, Glenda ta ajiye jakarta a tsakaninsu. Ran Litinin kuma lauyan hukuma ya kira, ya ce lauyoyin Corinne suna cewa shirun da ya sa aka yi alamar fara addu'a ce da aka shirya da coci tun farko, don haka ya kwana da shirin amsa tambayoyi.

A satin nan Corinne ta zo ofis neman izinin Odile ta riƙa fita cin abinci a waje. Wendell ya sa hannu, ya ce mata bai san abin zai kai haka ba.

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. "Ban taɓa cewa kowa ya daina addu'a ba, Mista Tackett. Ni ma kullum ina yi. Cewa na yi a daina nuna 'yata da yatsa."

"Ba ki tunanin komawa gida?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Guguwa ta cinye gidan. Da ina da wajen zuwa, da ka ga ƙurata tuni."

Wasan gida na gaba yana ƙaratowa, sai Fasto ya samo dabara. Wani ɗan coci yana da filin kiwo daf da shingen filin ƙwallo. Aka ɗaura manyan lasifikoki a bayan wata akori-kura, aka ce za a ajiye ta a can. Ƙasar ba ta makaranta ba ce, lasifikar ba ta gwamnati ba ce, umarnin kotu bai kai nan ba. A teburin Lahadi tsohon ya ba da labari yana murmushi.

"Wannan karon ba shugaban makarantar da zai iya tsayawa a gabanki, Laney. Ko ba haka ba, Wendell?"

Laney ta kafe ubanta da ido. Wendell ya gane cewa yanzu ba shi da alƙali ko lauya da zai fake da su. In zai hana, a matsayin uba zai hana, kuma za a tambaye shi dalili. In ya faɗi dalilin, ya karya alkawari, ya tona yarinyar a gaban uwarta da kakanta. In ya ƙi faɗa, ya tabbatar wa matarsa cewa ba tsoron kotu ba ne, addu'ar ce ba ya so.

"Ita ce za ta ce," abin da ya iya furtawa ke nan.

Duk suka juya suna kallonta. Glenda ta kama hannunta tana murmushi, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Zan yi, Kaka," in ji Laney.

Ran Juma'a Wendell yana ɗakin sanarwa lokacin da muryar 'yarsa ta taso daga bayan shinge, ta fi lasifikar makaranta ƙara nesa ba kusa ba. Ta faɗi abin da kakanta ya koya mata, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, muryar tana rawa mutane suna ɗauka tsoron Allah ne. Da ta gama fili ya ɗauki tafi da sowa. Ya ga ta zagayo ta ƙofa ta koma cikin makaɗa. Odile ta ɗaga kujerarta ta matsa can ƙarshen layi, Laney ta zauna ta ɗora sarewar a cinya, ba ta busa ba har aka tashi.

Da safiyar Asabar ya same ta a barandar baya tana ɓare wake. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗebi nasa.

"Baba, in na gama, jami'a mai nisa nake so. Wadda sai an hau jirgi."

"Mamanki ta riga ta sa rai da ta Baftis ɗin nan ta kusa. Kakanki ma ya yi magana da su."

"Na sani."

Daga cikin gida Glenda ta ƙwala kira, ta ce babanta ya bugo waya, yana so Laney ta tsaya a gaban coci gobe ta ba da shaidar bangaskiyarta, a nemo mata farar rigarta a goge. Laney ta karkaɗe ɓawon wake daga cinyarta, ta tashi ta shiga. Wendell ya jawo kwanon gabansa ya ci gaba da ɓarewa.