Shingen da Senad Ya Sa a Ƙera

Mijina Hajro bai taɓa ƙera abin da ya kai shingen gidan Senad kyau ba, kuma har yau ba ya son a yi masa zancensa.

Senad ya dawo hutu daga Jamus da ƙatuwar mota da hoton wani shinge a waya. So yake a zagaye gidan mahaifiyarsa, Iya Zejna, da baƙin ƙarfe, duk mai hawowa daga kasuwar garinmu Travnik ya tsaya ya kalla. Hajro ya ce a ajiye hoton. Shi ba ya walda. A wuta yake lanƙwasa kowane sanda, ya murɗa shi, ya buga ganyen inabi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su da zoben ƙarfe tun yana ja.

Ina wurin ina miƙa musu gahawa ranar da Hajro da Senad suke awo a gidan Iya Zejna. Hajro ya ce, "To ina za mu sa ƙaramar ƙofa?"

"Wace ƙofa kuma, Baba Hajro?"

"Ta maƙwabta mana. Ta wajen Dragica."

Senad ya yi dariya. "Haba, wannan ai zamanin kakanni ne. Za ta ɓata tsarin. Ga babbar ƙofa nan, titi bai ƙare ba."

"Kai yaro, tsarin ne zai sha gahawa da uwarka?"

Amma Senad ne mai gidan, shi ke da magana, aka rabu a haka. A unguwarmu kowane shinge yana da wannan 'yar ƙofar ta gefe. Ta nan ake aron gishiri, ta nan ake miƙa gurasa da zafinta, kuma ba a toshe ta sai an yi rigimar da ba ta gyaruwa. Iya Zejna da Dragica tun suna amare suke bi ta cikinta kowace safiya, ɗaya da kofuna, ɗaya da sukari. Yaƙin da aka yi a ƙasarmu ma bai hana su ba.

Shinge ya tashi, kyau kam ba a magana. Baƙi har hoto suke tsayawa ɗauka. Senad ya koma Jamus yana jin ya fitar da uwarsa kunya.

Dragica kuwa ta ɗauka an kore ta ne. Na same ta tana shanya, na ce, "Yaya Dragica, wallahi ba da ke aka yi ba, yarinta ce."

Ta ce, "Yarinta? Mai furfura a gemu? Uwarsa tana zaune aka auna, ba ta ce uffan ba. Ni ba na leƙa mutane ta tsakanin ƙarfe kamar mai ziyarar fursuna."

Gaskiya Iya Zejna ta yi shiru ranar, don ba ta son ta kunyata ɗanta a gaban mutane. Zagayowa ta titi kuma gangare ne mai duwatsu, gwiwoyinta ba za su iya ba, balle da dusar ƙanƙara ta sauka. Sai ta riƙa tsayawa a jikin shingen tana kira, Dragica tana jan labule. Abin ya yi ta cin raina.

Da sanyi ya fara sauƙi Iya Zejna ta aiko a kira Hajro. Ta ce, "Yanka min shingen nan ka sa ƙofa. In Senad ya yi magana, ka ce ni ce."

Hajro bai yarda ya yi aikin gaggawa ba, halinsa ke nan, ni kuwa na yi ta yi masa mita. Sai da ya ƙera ƙofar da ganyenta daidai da na shingen. Ranar da muka turo ta a baro, sai muka tarar ɗan Dragica ya rama wa uwarsa. Ya ja katangar bulo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta fi mutum tsayi, sumuntin ko bushewa bai gama ba.

Hajro ya cire hula ya tsaya. Ya ce, "Iya, mun makara. Bari in mayar da ita."

Iya Zejna ta dubi bulon. Sannan ta ce, "Sa min ita haka. Zan riƙa buɗewa da safe. In Dragica ta ji ƙara, za ta san ba ni na rufe ba."

Ya yanka shingen, ya kafa ƙofar, ya gwada ta. Na miƙa masa gwangwanin mai ya ɗiga a hinjin don kada ƙofar ta riƙa ƙara, ya girgiza kai ya mayar da shi cikin baro.