Rabin Garwar Mai a Ƙasa

Garwar ta kuɓuce wa Lefteris yana cikin tsiyaya mai a kwalba. Bai ma ji lokacin da hannunsa na dama ya sake ta ba, sai gani ya yi ta daki bakin tebur ta kwanta a ƙasa, man zaitun yana bulbulowa a kan tayil ɗin kicin. Lita goma sha bakwai take ci, kuma jiya ya buɗe ta. Kafin ya tayar da ita rabi ya tafi.

"Me ya faɗi?" matarsa Froso ta tambaya daga ɗaki.

"Ba komai. Kada ki shigo."

Shekara hamsin da ɗaya suna tare, don haka ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dogare da sanda, don wata huɗu ke nan da yi mata aikin ƙugu. Ta dubi man, ta dubi agogo. Goma da rabi. Ƙarfe ɗaya motar haya daga birnin Kalamata za ta sauke 'yarsu Despina a dandalin ƙauye, kuma Despina ta riga ta faɗa tun ranar da aka sallamo uwar daga asibiti: in wani abu ya sake faruwa a gidan nan, za ta kwashe su zuwa gidanta a birnin Atina, bene hawa na biyar. Lefteris ya taɓa kwana uku a can, ya dawo kamar wanda ya yi jinya.

"Watsa gishiri," in ji Froso, don a al'adarsu zubewar mai alamar masifa ce, "kafin ta biyo baya."

"Masifar tana cikin mota, ƙarfe ɗaya za ta iso."

A kan mai babu mai ja da Lefteris a ƙauyen. Garewaninsa suna ƙarƙashin matakala inda babu haske babu zafi, kuma ya taɓa yin mako ba ya yi wa surukinsa magana don ya ajiye kwalba a jikin taga. Amma goge ƙasa kam, tun da aka haife shi bai taɓa ba. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa. Man ya hau kan ruwan ya bi ko'ina, har ƙarƙashin tukunyar wake da ke kan wuta.

"Ruwa a kan mai, Lefteri? Da gemunka fari?" Froso ta nuna shi da sanda. "Kashe gas ɗin nan tukuna. Sannan ka kwaso tokar murhun waje, duka."

Ya kashe, ya kwaso, ya durƙusa yana barbaɗawa. Tana daga bakin ƙofa tana ba da umarni: can kusa da firiji, a'a ba haka ba, bari ta tsotse tukuna. Ita kuwa Froso ba ta iya ganin ana aiki a karkace ta yi shiru. Ta sako ƙafa ɗaya don ta nuna masa, robar gindin sandar ta zame.

Ya tare ta, ko kuma dai ya sa jikinsa inda za ta faɗi. Suka zube tare, ita a kansa.

"Ƙugun?" ya tambaya.

Ta motsa ƙafa a hankali. "Lafiya lau. Naka ne na ji ya yi ƙara."

Dariya ta kama su, su biyu zaune cikin toka da mai, har Froso tana share hawaye da gefen riga. Sai da ya miƙe ya sa hannu a hammatarta zai ɗaga ta, dariyar ta tsaya. Ya gwada sau uku. Matar da ya taɓa ɗauka daga gona har gida ranar da ta gurɗe ƙafa, yau ya kasa raba ta da ƙasa. A ƙarshe kujera ya jawo, ta dafa, ta hau da kanta kaɗan-kaɗan. Minti ashirin suka yi a haka, kuma tsoro ya shige shi sosai.

Sauran aikin ya tafi daidai. Ya share tokar, ya wanke ƙasa sau biyu da ruwan zafi da sabulu. Tsummokaran da suka sha mai zai tara su a gefen murhu, ta ce in yana son ya ƙone gidan ya faɗa mata ta ɗauki jakarta. Ya jiƙa su a bokiti a bayan gida. Suka sauya kaya. Ƙarfe ɗaya da kwata Despina ta turo ƙofa.

Ta sumbace su, sannan ta fara abin da ya kawo ta. Ta ƙirga ƙwayoyin magani, ta jijjiga ƙarfen riƙewa na banɗaki, ta leƙa firiji. Aka zauna cin wake da burodi da cuku.

"To, na ga kuna riƙe da kanku," in ji ta. "Har kicin yana ƙyalli. Ku zauna abinku, na bar maganar Atina."

Froso ta ƙara mata wake tana murmushi. Lefteris ya ajiye cokali.

"Despina, garwa ta kuɓuce min ɗazu."

Froso ta shure shi ta ƙarƙashin tebur da ƙafarta mai lafiya. Bai kula ba.

"Hannuna ne ya sake ta. Uwarki ta zame, ta faɗi, na kasa ɗaga ta." Ya dubi kwanonsa. "In Atina ce, a tafi. Ba zan sake tsayawa ina kallonta a ƙasa ba."

"Wa ya tambaye ka, tsohon nan?" in ji Froso, amma idanunta sun kawo ruwa.

Despina ta matso da kujerarta. Ta kama hannun ubanta na dama, ta juya shi, ta ji yadda yake rawa a cikin nata. Ta zo da shirin faɗa da mutum mai taurin kai, ga shi ba ta same shi ba, kuma hakan ya fi yi mata ciwo.

"Garwa nawa ta rage, Baba?"

"Biyar da rabi."

"Daga yau garwa tawa ce. Duk wata zan zo in zuba muku a kwalba 'yar lita ɗaya, ita kaɗai za ka ɗauka. Mama kuma waya a aljihu, ko banɗaki za ki shiga. Mu gwada har ƙarshen hunturu." Ta miƙe tana naɗe hannun riga. "Ina kwalabe?"

"Koraye za ki ɗauko," in ji shi. "Farar kwalba tana ɓata mai."

Ta ɗauko koraye, ta sungumi garwar. Shi ya riƙe mata mazurari da hannu biyu, yana ce mata ta rage sauri.