Shekarun da Bibata Ta Kira Sunan Ɗanta

A ƙauyen su Bibata, bakin kogi kusa da Tilaberi, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, balle ta zauna hira da shi. Tinni ɗan fari ne, don haka "wancan yaron" take ce masa. Kakarsa ce abokiyar surutunsa har Allah ya yi mata rasuwa.

Yana shekara shida farfaɗiya ta kama shi. Ba ta kayar da shi da yawa ba, amma tun daga nan magana ta daina shigarsa. Akuya ta yi kuka ya waiwaya, injin kwalekwale ya tashi ya ruga bakin ruwa, amma a ce masa ya kawo ƙwarya sai ya tsaya yana kallon bakin mutum. Ubansa Hima ya ce taurin kai ne, ya zane shi. Maƙwabta, da ba sa rasa ta cewa, suka ce kurumta ce. Bibata ta san kurma ba ya jin akuya, amma kunya ta hana ta tsoma baki.

A asibitin Yamai likita ya manna wa Tinni wayoyi a ka. Ya ce kunne lafiya lau, ciwon ne ke hargitsa wurin da ƙwaƙwalwa ke gane magana, ko da yaron na barci. Ya ba da magani, ya ce dole wani ya riƙa zama gabansa kullum, yana kiran sunansa, yana nuna masa abu yana faɗa, in ba haka ba maganar na iya tafiya ke nan.

Hima yana wuni a gonar shinkafa. Ba wanda ya rage sai ita.

A wurin wanki ta fara, nesa da mata. Ran farko sunan ya maƙale mata a wuya. Daga baya sai ta kama haɓarsa, ta dube shi ido cikin ido, tana cewa, "Tinni, sabulu. Tinni, ruwa."

Ba a daɗe ba taubashiyarta Gambi ta kama ta.

"Ke Bibata, a kasuwar Ayoru kika sayar da kunyar taki?"

"Aro na ba da, uwar gulma. Za a dawo mini da ita."

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wata rana yana wasa ya ba ta baya, ta kira shi ba tare da ya ga bakinta ba. Ya juyo ya ce, "Na'am, Inna." Ta zauna kan kayan wankin ta yi kuka har ta gode Allah.

Yanzu Tinni magidanci ne, yana gyaran injin kwalekwale a Gaya. Magana ta dawo masa, sai dai cikin hayaniya takan kuɓuce. In ya zo gida Bibata kan amsa gaisuwarsa tana kallon ƙasa, kamar kowace uwa mai mutunci. Ba ta fatan ciwon ya dawo, Allah ya kiyaye. Amma tana kewar shekarun nan ƙwarai, don a cikinsu kaɗai ne ta samu ta zauna da ɗanta tana kiran sunansa.