Maganin da Ba Ya Son Wuta

Tun bara ayabar Malam Gwadabe ta fadamar Zoza take ciwo. Ganye ya yi ruwan ɗorawa ya langaɓe, in an sare gindin sai a ga cikinsa ya yi baƙi. Daga gindi sittin saura goma sha tara. Ya ce da matarsa Barira in damina ta kankama bai ga sauyi ba, zai tumɓuke duka ya shuka masara. Barira ba ta so, don ita ta kawo irin daga gonar mahaifinta a Ƙaraye, kuma can ma ya ƙare.

Wata Talata Bahijja, malamar gona, ta zo daga Rogo da ƙullin wani gari guda biyu. A fadama ta yi wa Gwadabe bayani. Shi kuwa da ya dawo gida sai ya miƙa wa Barira, ya ce, "Maganin ayaba ne, ki haɗa."

Barira ta san yadda ake haɗa magani. Ta zuba ƙulli ɗaya a tukunya, ta iza wuta ya tafasa sosai kamar sassaƙe. Ana cikin haka Bahijja ta yi sallama ta shigo gaishe ta. Bayan an gaisa ta leƙa tukunyar.

"Inna, me kike dafawa?"

"Maganinki. Don ya yi ƙarfi."

Bahijja ta zauna a kan turmi tana dariya. "Ai kin yanka mana ma'aikata, Inna. Ƙwayoyin halitta ne masu rai, bakteriya, ido ba ya ganinsu. Su ke zama a saiwa su hana fumfunar da ke cin ayabar shiga."

Barira ta juya wajen mijinta. "Malam, ba ka ce mini da rai a ciki ba."

"Na ɗauka wasa take yi," in ji Gwadabe.

"To ga miyar wasa nan, ka sha da tuwo."

Saura ƙulli ɗaya, kuma Bahijja ta ce sai bayan wata uku za a samu wani. Ta ce waɗanda suka kamu ba za su warke ba, sai dai a ceci 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsu. Washegari Barira ta je fadamar da kanta. Ta zaɓi 'ya'yan ayaba tara masu lafiya, ta dama garin da ruwan randa, ta jiƙa saiwarsu. Ita da Gwadabe suka dasa su a wani sabon wuri, da ruɓaɓɓen takin shanu.

Biyu suka bushe. Bakwai suka fitar da ganye kore shar, ruwa ya yi ta sauka ba su canza ba.

Ranar da Gwadabe ya saɓa fartanya zai je shuka masara, Barira ta bi shi a baya da buhun irin. Ya tsaya kan bakwai ɗin, ya juya ganye ɗaya ya duba bayansa, ya daɗe.

"Kawo buhun," ya ce. "A tudu zan shuka ta."