Borsh ɗin Kakanni

A garinmu kowa na shan borsh, amma babu wanda ya taɓa tambayar inda sunan ya fito, sai da wani baƙo ya faɗa wa Yarema mai gidan abinci. Ya ce kafin buryak, wani jan tushe mai zaƙi, ya shigo ya rina miyar ja, kakanni da wani ganyen daji suke yin ta, su jiƙa shi ya yi tsami. Ganyen ne ake kira borsh, miyar ta gaji sunansa.

Yarema ya ga kasuwa. Ya ce ranar bikin gari zai dafa ta asali.

"Ga ganyen can bakin rafi, ya fi ni tsawo," ya ce wa ƙanwarsa Solomiya, ma'aikaciyar jinya.

"Yaya, ba shi ba ne. Na kakanni gajere ne. Wancan kawo shi aka yi don shanu. Ruwansa ya taɓa fata, rana ta haska, ka ƙone."

"Ke dai tun da kika yi boko, ko ciyawa abokiyar gabarki ce."

Ta daɗe tana roƙon Kawu Ostap, shugaban gari, a tone ganyen kafin yara su fara wanka a rafin. Kullum amsarsa ɗaya: yana nan tun yana saurayi, bai kashe kowa ba. Haka muke. Abin da ya daɗe a wuri, sai mu ɗauke shi ɗan uwa.

Yarema ya naɗe hannun riga, ya shiga cikin ganyen da lauje da tsakar rana. Kafin bikin, hannayensa sun yi bororo har gwiwar hannu. Solomiya ta ɗaure masa su, ta ja shi gaban Kawu Ostap.

"Kawu, duba. Wannan ƙato ne. Da jikarka ce fa?"

Ostap ya leƙa, ya tsuke baki. "Yarema, miyar ce ta dafa ka?"

Aka yi dariya. Aka amince a kafa allon gargaɗi, tono kuma sai baɗi.

Yarema da Solomiya suka kama hanyar gida.

"Ba za su tona ba ko?" in ji Yarema.

"Ka san su."

Ranar bikin, matar Yarema ta cika tukunya da jan borsh, da kabeji da kirim mai tsami. Yarema ya tsaya a ƙofa, hannaye a naɗe, shebur a jingine kusa da shi. Da Kawu Ostap ya iso da mutanen gari, ya tare shi.

"Kawu, ka tono saiwar ganyen nan ɗaya, ka sha kwano ɗaya."

"Kai, ni ne fa."

"Na gan ka. Safar hannu tana wurin Solomiya. Ka rufe wuyanka."

Ostap ya shaƙi ƙamshin, ya duba ko wani zai goya masa baya. Duk suna kallon tukunya. Ya ɗauki shebur yana gunaguni, sauran suka bi shi zuwa rafi.